Yadda Ake Kafa Na'urorin Sa Ido a Kan Hoto a Gidan Talabijin

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon sayar da akwatunan talabijin, ya tarar an jera guda 10 suna nuna shiri ɗaya, zai lura cewa babu biyu da hotonsu ya zo daidai. A wannan akwati fuskar mai karanta labarai ta yi ja, a wancan ta yi fari-fari, a na gefe kuwa rigarsa ta yi duhu har ba a ganin aikin da ke wuyanta. To wanne ne ya faɗi gaskiya? Mai saye yana iya zaɓen wanda ya yi masa daɗin kallo, amma injiniyan gidan talabijin ba shi da wannan dama, domin hoton da ya saki zai shiga dubban gidaje a lokaci guda, kuma idan ya fita da aibi babu hanyar dawo da shi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A aikin talabijin kima kaɗai ba ta wadatarwa, sai an kawo mudun kansa. Wannan mudu shi ne jerin na'urorin da ake kafawa a ɗakin sarrafa shirye-shirye don auna hoto da sauti kafin su tafi ga jama'a. Wannan darasi zai bayyana waɗannan na'urori, da yadda ake kafa su, da kuma yadda ake daidaita su.

Taƙaitaccen tarihi

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, na Kaduna kuma ya biyo baya a 1962. Hotunan wancan lokaci baƙi da fari ne. Gidan talabijin na Jos ne ya fara watsa hoto mai launi a ƙasar a 1975, sannan a 1977 aka haɗa gidajen a ƙarƙashin hukumar NTA. Tsarin launin da Nijeriya ta ɗauka shi ne PAL, wanda injiniya Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus, aka kuma fara amfani da shi a Ingila da Jamus ta Yamma a 1967. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki tsarin SECAM na Faransa, shi ya sa akwatin da aka ƙera don PAL kaɗai yakan nuna hoton SECAM ba tare da launi ba. A watan Afrilu na 2016 aka ƙaddamar da gwajin watsa talabijin ta hanyar dijital a Jos. Duk da wannan sauyi, ma'aunan da aka kafa a zamanin analog su ne tushen na yau, don haka da su ya kamata ɗalibi ya fara.

Mene ne siginar hoto?

Kyamarar talabijin ba ta aika hoto a dunƙule. Tana karanta shi ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, ta mayar da hasken kowane wuri zuwa ƙarfin lantarki. A tsarin PAL kowane hoto yana da layi 625, waɗanda 576 daga cikinsu ne ke ɗauke da abin da ake gani, kuma ana aika hoto 25 a kowane sakan. Idan aka ninka 625 sau 25 za a sami layi 15,625 a sakan ɗaya, wato kowane layi yana ɗaukar kashi 64 cikin miliyan na sakan.

Tsawon siginar daga ƙasanta zuwa samanta bolt 1 ne cif. An raba wannan bolt gida biyu. Milibolt 700 na sama su ne na hoto: sifiri yana nufin baƙi, 700 kuma fari fat. Milibolt 300 na ƙasa da sifiri kuwa na alamar daidaita tafiya ne, wadda ke sanar da akwatin mai kallo cewa layi ya ƙare, a koma farkon wani. Launi yana hawa ne a kan wata igiya mai kaɗawa kimanin sau miliyan 4.43 a sakan, kuma a farkon kowane layi ana aika ɗan guntun wannan igiya mai kaɗawa 10, don akwati ya gwada sauran launuka da shi. Idan fari ya zarce milibolt 700 da yawa, za a yanke samansa a hanya, wurare masu haske su zama fili babu zane. Idan alamar daidaitawa ta ragu sosai, hoto zai riƙa birgima ko yagewa a gidajen jama'a.

Na'urorin da ake bukata

Na'ura ta farko ita ce monita, wato allon duba hoto na ƙwararru. Bambancinta da akwatin gida shi ne, akwatin gida an ƙera shi don ya ƙawata hoto ya ɓoye aibinsa, ita kuwa monita an ƙera ta don ta nuna hoton yadda yake. Tana da maɓallin da ke nuna gefunan hoto gaba ɗaya, da wanda ke kashe ja da kore ya bar shuɗi kaɗai.

Ta biyu ita ce madubin sigina, wadda injiniyoyi ke kira webfom. Tana zana ƙarfin lantarkin siginar a kan allo mai ma'auni: daga hagu zuwa dama tsawon layi ne, daga ƙasa zuwa sama kuma ƙarfin haske.

Ta uku ita ce madubin launi, wato bektaskop. Allonta da'ira ne kamar fuskar agogo. Kusurwar da ɗigon haske ya nufa tana nuna irin launin, nisansa daga tsakiya kuma yana nuna kaurin launin. Fari da baƙi da toka-toka duk a tsakiya suke zama, tun da ba su da launi.

Ta huɗu ita ce na'urar samar da siginar gwaji, wadda ke fitar da sandunan launi da ake gani a talabijin kafin a buɗe tasha. Sandunan 8 ne, a jere daga mafi haske zuwa mafi duhu: fari, rawaya, siyan wanda haɗin kore da shuɗi ne, kore, majenta wanda haɗin ja da shuɗi ne, ja, shuɗi, da baƙi. An san ainihin ƙimar kowace sanda, saboda haka duk canjin da aka gani a kanta laifin hanya ne ko na na'ura.

Shirya ɗaki da kanta

Ana ɗaura na'urorin ne a kan kantar ƙarfe mai faɗin inci 19, wadda aka raba tsawonta zuwa gidaje masu inci 1.75 kowanne. Masu nauyi su zauna a ƙasa don kada kanta ta rinjaya, masu allo kuma a daidai idon ma'aikaci yana zaune. A bar sarari don iska ta ratsa, domin zafi na sa ma'aunin na'ura ya karkace, yana kuma rage mata kwana. A ƙasashe masu hunturu da ƙura wajibi ne a riƙa share matatun iska a kai a kai, a kuma tabbatar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Hasken ɗaki yana da muhimmanci ƙwarai. Idon ɗan Adam yana auna launi ne ta hanyar gwada shi da abin da ke kewaye da shi. Saboda haka bangon da ke bayan monita ya zama ruwan toka, hasken ɗaki ya zama kaɗan, kada kuma taga ko fitila ta haska fuskar allo kai tsaye. Mazaunin mai duba hoto mai layi 625 yakan kasance nisan tsawon allon sau 6, na hoto mai tsananin kyau kuwa kimanin sau 3.

Wutar lantarki ta biyo ta na'urar ajiye wuta mai batir, don kada hoto ya yanke a tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta. Dukkan kantoci a haɗa su da wayar ƙasa guda ɗaya. Idan na'urori biyu suka sami wayar ƙasa daga wurare daban-daban, wata 'yar wuta mai kaɗawa 50 a sakan takan bi ta jikin kebul, sai a ga wani faffaɗan duhu yana rarrafe a kan hoto daga ƙasa zuwa sama ko akasin haka. Maganinsa shi ne gyara wayar ƙasa ko sanya na'urar raba tsakani a kan layin hoto. Cire wayar ƙasa daga filogi don kawar da wannan duhu ganganci ne da ke iya halaka ma'aikaci.

Haɗa wayoyi da ƙa'idar om 75

Ana ɗaukar siginar hoto a cikin kebul mai waya ɗaya a tsakiya da saƙar ƙarfe a kewaye, mai kai irin na BNC. Ƙa'idar ita ce na'urar da ke aikawa, da kebul ɗin, da ƙarshen layi, kowanne ya kasance om 75. Akwai kebul da kawuna masu om 50 da ake amfani da su a aikin rediyo, kuma sun yi kama da waɗannan sosai, don haka a karanta rubutun jikinsu kafin a saya.

Yawancin na'urorin awo na analog suna da ƙofa biyu a baya, ta shiga da ta wucewa, yadda sigina ɗaya za ta ratsa madubin sigina, ta wuce madubin launi, ta ƙare a monita. A ƙofar wucewa ta na'urar ƙarshe ake toshe marufin layi, wato ɗan ƙaramin kai mai turjiyar om 75 a cikinsa. Marufin ɗaya tak ake bukata, kuma a ƙarshe.

Dalilin haka lissafi ne da ɗalibin fizik zai iya yi. A cikin na'urar aikawa siginar bolt 2 ce, tana fitowa ta cikin turjiyar om 75. Idan ƙarshen layi yana da om 75, turjiyoyin biyu za su raba bolt 2 daidai, a sami bolt 1 a wurin awo. Idan aka manta marufin, babu abin da zai raba, sai siginar ta tashi kusan bolt 2: hoto ya yi fari fiye da kima, wani ɓangaren siginar kuma ya dawo baya ta cikin kebul ya haifar da inuwa a gefen abubuwa. Idan kuma aka sa marufi biyu, turjiyarsu a haɗe za ta zama om 37.5. A ninka 2 sau 37.5, a raba da 112.5, za a sami kimanin bolt 0.67, wato hoto ya dushe da kashi ɗaya cikin uku. Haɗarin a nan shi ne, ma'aikacin da bai gane ba zai je ya murɗa kyamara don ya gyara abin da yake gani, ta haka ya ɓata siginar da lafiyarta ƙalau. Shi ya sa idan aka ga tsawon sigina ya ninka ko ya ragu da sulusi, marufi ake fara dubawa.

Kowane kebul a liƙa masa lamba a kawunansa biyu, a rubuta lambar a takardar zanen haɗi. Ranar da hoto ya ɗauke ana tsakiyar labarai, wannan takarda ce za ta nuna inda za a taɓa. Haka kuma a kai wa kowace na'ura siginar daidaita tafiya daga uwar agogon tasha, domin duk kyamarori da na'urori su fara layinsu a lokaci guda. In ba haka ba, hoto zai yi tsalle duk lokacin da aka sauya daga wata kyamara zuwa wata.

Matakan daidaitawa

Ana bin matakan ne a jere, domin kowanne ya dogara da wanda ya gabace shi.

Da farko a kunna na'urori a bar su kamar minti 30 su ɗauki zafin aikinsu. Daga nan a gwada madubin sigina da siginar bolt 1 da ke cikinta, a tabbatar zanen ya cika ma'auni daidai.

Na biyu, a saki sandunan launi. A madubin sigina, farar sanda ta tsaya a kan 700, baƙa a kan sifiri, gindin alamar daidaitawa a kan 300 ƙasa da sifiri. Idan aka tace launi aka bar haske kaɗai, sandunan za su fito kamar matakala mai sauka daga hagu zuwa dama.

Na uku, a duba madubin launi. Allonta yana da ƙananan akwatuna na launuka 6, kuma a tsarin PAL kowane launi yana da akwati biyu, saboda tsarin yana juya wani ɓangaren launi daga layi zuwa layi. A fara daidaita guntun igiyar launi a kan alamarsa, a kuma tabbatar an zaɓi ma'aunin da ya dace da sandunan, ko na kashi 75 ko na kashi 100. Ɗigo ya faɗa cikin kowane akwati. Idan duk sun gaza isa, launi ya raunana a hanya. Idan duk sun juya gefe guda, kusurwar ce ta karkace.

Na huɗu, sai monita. Ana fara daidaita baƙi da wata siginar gwaji mai suna PLUGE, wadda injiniyoyin BBC suka ƙirƙiro. Tana da sanda ɗaya da ta ɗan fi baƙi duhu, da wata da ta ɗan fi shi haske. A murɗa maɓallin haske har ta farkon ta ɓace cikin baƙin da ke kewaye da ita, ta biyun kuma a riƙa hangenta da ƙyar. Sannan a daidaita fari da na'urar auna haske da ake ɗorawa a fuskar allo: ƙa'idar hoto mai tsananin kyau na yau da kullum ita ce kandela 100 a kan murabba'in mita, launin farin kuma ya yi daidai da hasken rana na kimanin digiri 6,500 a ma'aunin Kelbin. A ƙarshe a danna maɓallin shuɗi kaɗai. Sanduna 4 za su haskaka, 4 su yi duhu, ɗaya bayan ɗaya. A murɗa maɓallin launi har sandunan siyan da majenta da shuɗi su zama haskensu ɗaya. Bayan haka ba a sake taɓa maɓallan monita. Idan hoto ya fito da aibi, a tushensa ake gyara shi.

Na biyar, sauti. Ana haɗa sandunan launi da wani amo mai kaɗawa 1,000 a sakan, wanda a ƙa'idar ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai yake tsayawa a desibel 18 ƙasa da iyakar ma'aunin dijital. A 2010 ƙungiyar ta fitar da ƙa'idar R128 ta auna ƙarfin sauti yadda kunne ke jinsa, don magance tallace-tallacen da ke fin sauran shirye-shirye ƙara. A kuma duba cewa motsin baki da magana suna tafiya tare.

Zamanin dijital

A 1982 aka amince da ƙa'idar duniya ta mayar da hoton talabijin lambobi. Ana auna haske sau miliyan 13.5 a sakan, ɓangarorin launi biyu kuma sau miliyan 6.75 kowanne, jimla miliyan 27. Idan kowane awo ya ɗauki bit 10, za a sami bit miliyan 270 a sakan, wanda shi ne gudun layin SDI. Na hoto mai tsananin kyau yana kai bit miliyan 1,485. A ma'aunin bit 10, baƙi lamba 64 ne, fari kuma 940, kuma madubin sigina na dijital yana nuna su a matsayin sifiri da milibolt 700 kamar dā.

Sai dai dijital tana da wani hali da ya kamata a sani. Siginar analog idan kebul ya yi tsawo ko ya lalace, hoto yakan dushe sannu a hankali, kowa ya ga alama. Ta dijital kuwa hoto yana nan garau har zuwa wata iyaka, daga nan ya farfashe ko ya ɗauke baki ɗaya. Saboda haka kallon monita ba zai nuna ko layi yana dab da faɗuwa ba. Ana duba wani zane da ake kira ido, wanda ke nuna siginar mai tsawon milibolt 800: idan idon a buɗe yake, layi lafiya, idan ya fara rufewa, matsala na tafe. Na'urar kuma tana ƙirga kurakuran lambobi, kuma layi mai kyau ƙirgarsa sifiri ce. Injiniyoyi kan ƙara wani tsawon kebul a kan sabon layi don gwaji. Idan ya jure, an san yana da rara.

A ɗakunan zamani babban allo ɗaya kan nuna hotuna da yawa a lokaci guda, kowanne da sunansa da ma'aunin sautinsa. Ana saita shi ya yi gargaɗi idan hoto ya daskare, ko ya koma baƙi, ko sauti ya ɗauke. Tsawon jiran gargaɗin yana bukatar tunani: idan ya yi gajere, zai riƙa kuka a kan kowane shiru na cikin wasan kwaikwayo har ma'aikata su daina kula shi, idan ya yi tsawo, masu kallo za su riga tasha sanin an sami matsala. Wajibi ne kuma a ware allo ɗaya da ke kama shirin daga iska kamar yadda akwatin gida ke kamawa, domin hoto na iya barin ɗaki lafiya alhali na'urar watsawa ta tsaya.

Misali daga fagen aiki

A ɗauka ana watsa hawan salla kai tsaye da rana tsaka. Mahaya na sanye da fararen riguna da rawuna, rana na dukansu, fuskokinsu kuma suna cikin inuwa. Idan aka buɗe idon kyamara don fuska ta fito, riguna za su zarce 700, aikin allurar da ke jikinsu ya shafe. Idan aka rufe shi don riguna, fuskoki su nutse cikin duhu. Mai kula da kyamarori yana kallon madubin sigina, ya tsayar da riguna dab da 700, sannan ya ɗaga wurare masu duhu da maɓallan da aka tanada don haka. Kafin a fara kuma ana nuna wa dukkan kyamarori farar takarda ɗaya, a daidaita su har ɗigon kowacce ya zauna a tsakiyar madubin launi, don kada doki ɗaya ya canza launi idan aka sauya kyamara. Wani abin sha'awa shi ne, fatar mutane, baƙa ko fara, kusan a kan layi ɗaya take faɗawa a madubin launi, tsakanin ja da rawaya. Yawancin bambancin a ƙarfin haske yake.

Kammalawa

Kafa na'urorin sa ido ya ƙunshi ɗaki mai hasken da ya dace, wuta da wayar ƙasa masu kyau, kebul mai om 75 da marufi ɗaya a ƙarshe, da daidaitawa a jere daga siginar gwaji zuwa monita. Ana maimaita gwajin sandunan launi kafin kowane babban shiri, a kuma rubuta sakamakon a littafin aiki, domin ta haka ake gane na'urar da ta fara karkacewa tun kafin ta kunyata tasha.

Aiki don aji

1. A haɗa batir 2 masu bolt 1.5 a jere, da turjiyoyi 3 masu ƙima ɗaya. A sa ɗaya a matsayin ta na'urar aikawa, a auna ƙarshen layi babu marufi, da marufi ɗaya, da kuma biyu a haɗe gefe da gefe. Ya kamata a sami kimanin bolt 3, da 1.5, da 1.

2. A duba farin wuri a allon talabijin ko na kwamfuta da gilashin ƙara girma. Waɗanne launuka aka gani, kuma yaya suka haɗu suka ba da fari?

3. Me ya sa sandar rawaya take yin duhu idan aka danna maɓallin shuɗi kaɗai?

4. Tsarin talabijin na Amurka na dā yana da layi 525 da hoto kusan 30 a sakan. A lissafa tsawon lokacin layi ɗaya, a gwada shi da na PAL.